MUHAMMADU MAKAU, SARKIN ZAZZAU DA YA BAR ZARIYA

Sau da yawa na kan ji 'yan'uwa a nan kwaleji suna cewa tarihi ba shi da amfani, wai haddar sunayen matattu ne da shekaru, a juye su a takardar jarrabawa a manta. To, ban tsaya yin gardama ba. Zan dai ba da labarin mutum guda wanda ya rasu tun shekarar 1825, wanda ya ratsa wannan ƙasa tamu yana gudun tsira da ransa. Kowa ya karanta sai ya yanke hukunci da kansa.

Muhammadu Makau ɗan Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau ne. A jerin sarakunan da mutanen Zazzau suka riƙe, wanda ya fara daga Gunguma, shi ne na sittin, kuma shi ne na ƙarshe cikin sarakunan Hausa da suka zauna birnin Zariya. Littattafai kan kira su sarakunan Haɓe, amma wannan kalmar Fillanci ce, Fulani ne ke kiran waɗanda ba Fulani ba da ita. Ƙasar da ya gada kuwa ba ƙarama ba ce. A cikin Hausa Bakwai Zazzau ce ta kudu, ikonta ya gangaro har cikin ƙasashen Gbagyi da Koro, daga nan ne kuma ta ke samun gandu da bayi.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804, aka kuma ci Gobirawa a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni, sai ya aika wa sarakunan Hausa da takardu yana bayyana musu abin da ya raba shi da Sarkin Gobir Yunfa. Sarakunan Kano da Katsina ba su karɓa ba. Jatau ya karɓa, ya bi Shehu har ya rasu wajen 1806. Da aka naɗa Makau sai ya warware abin da ubansa ya ƙulla.

A nan ne mai karatu ya kan yi gaggawar cewa Makau ya yi wauta. Lalle ya yi kuskuren auna ƙarfin abokan gabansa. Amma a tuna cewa Sarkin Zazzau ba shi kaɗai ya ke mulki ba. Akwai Madawaki mai riƙe da mayaƙa, akwai Galadima da Wambai da Dallatu, kowa da ƙasarsa da abin da ya ke ci a cikinta. Biyayya ga Shehu kuwa ba ta tsaya ga salla da azumi ba, gama Jatau da Makau duk Musulmi ne. Ta taɓa haraji, ta taɓa shari'a, ta taɓa wanda za a kama bawa da wanda ba za a kama ba. A ganina sabon sarkin da waɗannan manya suka ɗora bisa gado zai sha wuya kafin ya yarda da abin da zai rage musu iko. Sa'an nan a lokacin Alƙalawa, babban birnin Gobir, tana nan tsaye ba ta faɗi ba, babu wanda ya san inda yaƙin zai ƙare. Mu da muka zo baya ne muka san ƙarshen labari, shi bai sani ba.

Malam Musa, wani malami almajirin Shehu, shi aka ba tutar Zazzau. Ya taho da jama'arsa, cikinsu har da Yamusa da Abdulkarimu, waɗanda su ma suka yi sarauta bayansa. Labarin da zuriyar Makau suka riƙe shi ne, an auka masa yana filin Idi a bayan ganuwa, ba shiri, har ya kasa komawa cikin gari, sai ya miƙe kudu da waɗanda ke tare da shi.

Yaushe wannan ya faru? Tsofaffin littattafan makaranta sun ce 1804, an kuwa daɗe ana koya wa yara haka. Amma a 1804 ko Kano ba a ci ba, sai a 1807, Alƙalawa kuma sai Oktoba 1808. Wani malamin tarihi, Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya zauna ya gwada jerin sarakuna da rubuce-rubucen Larabci na wancan zamani, ya nuna cewa an shiga Zariya ran Asabar 31 ga Disamba 1808. In ka juya wannan rana zuwa lissafin Hijira za ka ga ta faɗo cikin watan Zulƙida na 1223, watau da sauran kusan wata guda kafin Babbar Salla. Ke nan zancen filin Idi ma yana bukatar a sake dubawa. Wanda ya ce tarihi hadda ne bai taɓa ganin irin wannan aiki ba. Ya fi kama da aikin alƙali, a saurari shaidu biyu masu saɓani, a tambayi kowanne ina ya ke tsaye ran da abin ya auku, me kuma zai samu in an gaskata shi.

Gudun Makau shi ne wurin da labarin ya shafe mu. Marubutan Abuja sun ce mutanen da suka bi shi sun kai dubu uku. Ya fara zuwa Kauru, Sarkin Kauru ya rufe masa ƙofa. Ya wuce Kajuru, nan aka buɗe masa, Fulani suka biyo shi suka kewaye garin wata shida ba su ci shi ba. Daga nan ya gangaro ta Aribi, ya zarce har Zuba, kusa da Dutsen Zuma, inda Koro ke zaune, waɗanda tun dā suke bin Zazzau. Aribi kuwa tana nan cikin ƙaramar hukumar Kagarko, akwai ma ɗalibanta a cikinmu. Daga Zariya zuwa Zuba wajen mil 150 ne ta hanyar mota. A yau direba ya kan yi ta cikin yini ɗaya har da saura, su kuwa da ƙafa suka yi ta, da mata da yara da dawaki, ana bin sawunsu.

Littattafai suna ba da labarin wannan tafiya daga wajen sarki ne. Ni kuwa na kan tsaya in yi tunanin mutanen ƙauyukan da aka ratsa. Taron mutum dubu uku ba ya tafiya da rumbunsa a ka. Hatsin wani aka ci, akuyar wani aka yanka, bayan sun wuce kuma ga rundunar Fulani tafe, ita ma da nata cikin. Ba banza ba ne tsofaffin garuruwan wannan ƙasa da yawa suke bisa duwatsu ko cikin kurmi, sai zamanin Turawa aka sauko fili. Daga baya Kagarko kanta ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da ke kai gandu Zariya, kamar Keffi da Nasarawa da Jama'a, ta zauna a tsakanin gidajen Zazzau biyu masu gaba da juna.

A Zuba Makau ya kafa sansani, ya ci gaba da kiran kansa Sarkin Zazzau. Shekara goma sha shida ya yi cikin yaƙi, yana tare Fulani ta arewa, yana kuma kai hari garuruwan Gbagyi da suka ƙi ba shi gandu. Ba zan wanke shi a nan ba, wanda aka kora daga gidansa shi ma ya kori waɗansu daga nasu. Bai sake ganin Zariya ba. A 1825 ya kai yaƙi Lapai, can aka kashe shi.

Ƙanensa Abubakar Jatau ya gaje shi, wanda a ke kira Abu Ja saboda hasken fatarsa. A 1828 ya kafa sabon gari, aka sa masa sunansa, Abuja. Sarakunan Zariya sun yi ta ƙoƙarin cin garin nan ba su samu ba, har Turawa suka iso a 1902. Don haka tsarin sarautar Zazzau na dā, da sunayen sarautu da aikin kowacce, har da na mata kamar Iya da Sarauniya, ya rayu a can, alhali a Zariya sababbin sarakuna sun sake masa fasali. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka tattara abin da tsofaffi suka sani suka rubuta da Hausa, aka juya shi Ingilishi a 1952. Da wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo rubuta littafinsa a kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, bayanin Malam Hassan ya dogara da shi don sanin yadda a ke mulki kafin jihadi. Da Makau ya mutu a ƙofar Zariya, da wuya mu san ko rabin wannan.

Ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar gina sabon babban birnin Nijeriya a tsakiyar ƙasa, aka ba shi sunan Abuja. Tsohon garin sai aka sake masa suna Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau, wanda shi ma malamin makaranta ne kamarmu, ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina kafin a naɗa shi a 1944. Gwamnati ta tare a sabon birnin ran 12 ga Disamba 1991. Har wa yau Sarkin Suleja ana kiransa Sarkin Zazzau, kamar yadda a ke kiran na Zariya, wanda tun 2020 ya fito daga gidan Mallawa, zuriyar Malam Musa.

Waɗanda za a tura gwajin koyarwa Aribi da Jere da Kushe, ku tafi da littafin rubutu daban. Ku nemi tsofaffi ku tambaye su inda tsohon garinsu ya ke, da wanda kakanninsu ke kai wa gandu, da hanyar da mahara ke biyowa. Ku rubuta sunan ƙauyen da ranar da kuka yi tambayar, ku kawo wa ƙungiyar tarihi in an dawo.