Ibrahim Narambaɗa, Makaɗin Kotso

Ya kai mai karatu, kila ka taɓa jin ana gardama kan waƙar gargajiya. Wasu na cewa waƙar gargajiya ta gaskiya ita ce wadda ba a san mai ita ba: waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar reno, da ta gaɗa da ƴan mata ke yi a dandali. Kowa ya tashi ya iske ta. Wasu kuma na cewa waƙar makaɗin da aka san sunanshi ma ta gargajiya ce. Kafin ka ɗauki gefe, karanta labarin wani makaɗi.

Sunanshi Ibrahim. An haife shi a Tubali, kusa da Isa, a arewacin Najeriya, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Masu tarihi sun ce ubanshi, Maidangwale, daga Filinge ya fito, nan ƙasarmu Nijar. Uwarshi kuwa ƴar Badarawa ce, ɗiyar gidan makaɗa. Ta wajenta ya gaji kotso. An ce yana da kare mai suna Rambaɗa, shi ya sa ake kiran shi Narambaɗa.

Bai soma da fada ba. Da kiɗin noma ya soma. Ka san yadda gayya take: samari sun jeru da hauya, makaɗi na bin su, yana zuga mai ƙwazo, yana yi ma raggo habaici. Nan ya koyi maganar da ke motsa zuciyar mutum. Nan ya tara karin magana da kalmomin mutanen karkara.

Daga baya ya koma makaɗin fada. Ubangidanshi shi ne Amadu Bawa, Sarkin Gobir na Isa, wanda ya hau sarauta a 1935. Kada ka haɗa shi da Sarkin Gobir na Tsibiri, kusa da Maraɗi. Gidajen biyu dabam suke.

Kotso ƙaramar ganga ce mai baki ɗaya, da hannu ake buga ta, kuma kiɗin sarakuna ce. Makaɗin fada ba ya waƙa shi kaɗai. Shi ke jan baki, yaranshi na amshi. Aikinshi ya yabi sarki, ya lissafa iyaye da kakanni, ya yi zambo ga masu ja da sarki. Ladanshi riguna, dawaki da hatsi. Cikin wanga aiki Narambaɗa ya yi fice. Waƙarshi da ta fi shahara ita ce Bakandamiya, wadda ya yi ma Sarki Amadu. Yana kuma da waƙar wani doki, Ɗan Filinge.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Amma an ɗauki muryarshi kafin ya rasu. Rediyo da kaset suka kai ta inda ƙafarshi ba ta taka ba. A 2009 malami Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kanshi.

To, mu koma ga gardamarmu. Waƙar Narambaɗa tana da mai ita, an san wanda aka yi ma, an san dalili. Ta nan ta bambanta da waƙar daka. Amma ina ya samo kayan aikinshi? Daga gona, daga gidan kakanninshi, daga bakin tsofaffi. Yau kuma mutane na jefa maganganunshi cikin hira kamar karin magana, wasu ba su ma san nashi ba ne. Abin da ya ɗebo wurin jama'a ya koma wurin jama'a.

Sai dai ka lura da abu ɗaya. Waƙar Narambaɗa ta tsira don an ɗauke ta, an rubuta ta. Waƙar kakarka fa? Injin niƙa ya shigo gari, waƙar niƙa na ɓacewa. Yanzu ka iya rubutu. Zauna da tsofaffin gidanku, su rera, kai ka rubuta, ka sa sunan wadda ta rera da sunan garinku.

Tambayoyi
1. Ta wane gefe Narambaɗa ya gaji kotso?
2. Mene ne bambancin waƙar daka da waƙar fada?
3. Waɗanne waƙoƙi aka bar yi a garinku?