Nana Asma'u, ɗiyar Shehu (1793–1864)

Duk wanda ya bi hanyar Galmi ya san Maratta, ƙauyen da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. Saboda haka mutanen wannan yanki suna da rabo a tarihin ɗiyarsa Asma'u, ko da yake a Ɗagel ta zo duniya a 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hasan.

Ba ta tashi cikin kwanciyar hankali ba. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan sai yaƙi da yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan. Ƙasar Ƙonni ma ta ga nata rabon na wannan zamani. Cikin haka ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

Allah ya ba ta tsawon rai, kuma mai tsawon rai shi ke ganin rasuwar nasa. Mahaifinta ya rasu a 1817, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, sannan mijinta, da aminiyarta A'ishatu. Idan rashi ya same ta, sai ta ɗauki alƙalami ta tsara marsiyya. Ba ta ɓoye hawayenta a cikin baitocin, amma tana lissafa kyawawan halayen mamacin ɗaya bayan ɗaya har zuciya ta sami wurin dafawa. Wanda ya karanta marsiyyar A'ishatu zai ga cewa babbar malama ma tana kuka kamar kowa.

Babban aikinta shi ne ƴan taru. Yaƙi ya bar ƙauyuka cike da zawarawa da matan da aka raba da garuruwansu, da yawansu wajen bori suke neman sanyin zuciya. Asma'u ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa kowace jaji, ta aza mata malfa da jan ƙyalle. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu a ƙasa zuwa gidanta, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da ake raba wa mabukata, su koma da waƙoƙi a ka. Matar da ba ta san baƙi ba sai ga ta tana rera tarihin Annabi da na salihan mata a bakin turmi, ƴan'uwanta suna amshi. Karatu ne, amma wa zai ce ba hira da farin ciki ba ne ga macen da ta wuni ita kaɗai?

Ta bar rubuce-rubuce kusan 60, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Ta rasu a 1864, aka yi mata makwanci a Hubbare, kusa da mahaifinta. Allah ya jiƙanta da rahama.