William Herschel: Makaɗin da ya gano hasken da ido ba ya gani

An haifi William Herschel ne a birnin Hanover na ƙasar Jamus a ranar 15 ga watan Nuwamban 1738, a gidan makaɗan soja.

A shekarar 1757 ya koma Ingila, inda ya yi shekaru yana neman abinci da kiɗa da koyar da shi a garin Bath. Da dare kuwa, sai ya duƙufa wajen haɗa na'urorin hangen nesa da hannunsa.

A ranar 13 ga watan Maris na 1781 ya gano duniyar Uranus, abin da ya sa Sarki George na Uku ya ɗauke shi aiki. Shi da ƙanwarsa Caroline sun tattara bayanan curin hazo da tarin taurari kusan 2,500.

Gwajin 1800

Sai dai aikin da ya fi tasiri a rayuwarsa shi ne wanda ya yi a shekarar 1800.

Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku zuwa launukan bakan gizo, yana auna zafin kowanne. Da ya ajiye ma'aunin zafi a gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya fi yawa a wurin.

Ta haka aka san akwai hasken da ake kira infirared, wanda ke ratsa ƙurar sararin samaniya da ke tare hasken da muka saba gani.

Herschel ya rasu a garin Slough a ranar 25 ga watan Agustan 1822, yana da shekara 83.

Gadon da ya bari

A watan Mayun 2009 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba wata na'ura mai ɗauke da sunansa, wadda faɗin madubinta ya kai mita 3.5.

Kafin ta daina aiki a 2013, ta auna hasken da iskar oksijin ke fitarwa a gungun taurari na M82, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 12. Irin wannan awon ne ke nuna wa masana zafin iskar da sababbin taurari ke samuwa daga cikinta.