Frank Worrell, Jagoran Ƴan Kurket

An haifi Frank Worrell a 1924 a Barbados, ɗaya daga cikin tsibiran Karibiyan, can kusa da Amurka. Tun yana yaro ya gwanance da kurket, wasan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da faffaɗan katako.

Tsibiran nan ƙungiya ɗaya gare su. Baƙar fata sun fi yawa cikinta, amma Turawa ake naɗawa shugabanni. Jama'a suka yi ta kuka, sai a 1960 aka ba Worrell jagoranci. Ya mai da ƴan wasansa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A 1963 suka ci Ingila har gida.

Ya rasu a 1967, yana da shekara 42.