W. Eugene Smith: Mai ɗaukar hoton da ya bar dala 18 a banki

A ranar 15 ga watan Oktoba na shekarar 1978 ne William Eugene Smith, ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoto na ƙarni na 20, ya mutu a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka yana da shekaru 59. An ruwaito cewa dala 18 kacal aka samu a asusunsa na banki, alhali hotuna da fina-finan kyamara da takardu da faya-fayen da ya tara sun kai nauyin tan 22.

An haifi Smith ne a ranar 30 ga watan Disamba na 1918 a garin Wichita na jihar Kansas. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne da ya karye a zamanin durƙushewar tattalin arzikin duniya, har ya kashe kansa a 1936. Yadda wata jaridar garin ta yi wa labarin ƙarin gishiri ya tsaya wa matashin a rai, kuma daga nan ne ya ƙudurta cewa idan har zai yi aikin jarida, to ba zai yi wasa da gaskiyar mutanen da yake ba da labarinsu ba. Bai daɗe a jami'ar Notre Dame ba ya wuce birnin New York, inda mujallar Newsweek ta ɗauke shi aiki, ta kuma sallame shi saboda ya dage a kan amfani da ƙaramar kyamara maimakon babba da hukumomin mujallar suka fi so. Wannan taurin kai ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A lokacin yaƙin duniya na biyu ya bi sojojin Amurka zuwa tsibiran Saipan da Guam da Iwo Jima. A watan Mayun 1945 ɓarɓashin harsashin igwa ya ji masa mummunan rauni a fuska da hannu a tsibirin Okinawa, ya kuma shafe kusan shekaru biyu yana jinya.

Bayan da ya murmure ne ya yi ayyukan da suka ɗaukaka sunansa a mujallar Life. Salonsa shi ne ya tare a wurin mutum makonni, ya ga farin cikinsa da gajiyarsa, sannan ya jera hotunan su ba da labari da kansu. A 1948 ya yi kwanaki 23 yana bin wani likitan karkara, Ernest Ceriani, a jihar Colorado. A 1951 kuma ya bi Maude Callen, wata ungozoma baƙar fata da ke kula da matalauta a jihar Carolina ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. Masu karatu sun aiko da gudummawar sama da dala dubu 20, wadda aka gina mata asibiti da ita. Sai dai bayan da ya je Lambarene a ƙasar Gabon a 1954 domin ɗaukar hotunan likitan nan Albert Schweitzer, ya saɓa da editoci a kan yadda suka tsara aikin, ya kuma ajiye aiki tare da albashi mai tsoka.

Daga nan ne batun tallafi ya shigo rayuwarsa. A 1955 aka ba shi kwangilar ɗaukar hotuna ɗari na birnin Pittsburgh, cibiyar masana'antun ƙarafa, aikin da aka ƙiyasta zai ɗauki makonni uku. Smith ya mayar da shi aikin shekaru, ya ɗauki hotuna fiye da dubu goma, bashi ya yi masa katutu, har lamarin ya taɓa aljihun ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum da ya shiga a wannan shekara. Tallafin gidauniyar Guggenheim, wanda ya samu a 1956 da 1957, shi ne ya ba shi damar ci gaba, kuma ya sake samu a 1968. Duk da haka aikin bai taɓa fitowa yadda ya so ba. Ba za a ce laifin editoci ne kaɗai ba, domin mutum ne da ba ya sanin lokacin da aiki ya ƙare, ga shan barasa da ƙwayoyin hana barci. A 1957 ya bar matarsa da 'ya'yansa huɗu ya koma wani tsohon bene a New York, kuma iyalin sun ɗanɗana kuɗar wannan zaɓi nasa.

Babban aikinsa na ƙarshe ya yi shi ne a Minamata, wani garin masunta a kudancin Japan. Shekara da shekaru masana'antar kamfanin Chisso tana zubar da dagwalo mai ɗauke da gubar zaiba, wato ruwan ƙarfen nan mai kama da azurfa, a cikin teku. Gubar ta shiga kifi, daga kifi ta shiga jikin jama'a tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har jarirai ana haifarsu da nakasa. Smith da sabuwar matarsa Aileen sun isa garin a 1971 da niyyar yin watanni uku, suka yi shekaru uku a gidan haya a tsakanin waɗanda cutar ta shafa. A watan Janairun 1972 ma'aikatan kamfanin suka lakaɗa masa duka a wata masana'antarsu da ke Goi kusa da Tokyo, lamarin da ya raunana masa gani. Hoton da ya ɗauka na wata uwa tana yi wa 'yarta Tomoko wanka, wadda aka haifa da cutar, ya fito a Life a 1972, ya kuma sa duniya ta san sunan Minamata. Tomoko ta mutu a 1977. Kimanin shekaru ashirin bayan haka, Aileen ta dakatar da ba da izinin buga hoton domin mutunta buƙatar iyayen yarinyar.

Littafin Minamata ya fito a 1975, amma lafiyar Smith ta riga ta taɓarɓare. A 1977 ya karɓi aikin koyarwa a jami'ar Arizona, wadda ta karɓi ajiyar kayansa. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a ƙarshen shekarar, kuma karo na biyu ne ya yi ajalinsa.

A 1979 abokansa suka kafa asusun tunawa da shi, domin tallafa wa masu ɗaukar hoton da ke aiki mai cin lokaci a kan halin rayuwar bil'adama, irin wanda jaridu ba kasafai suke da haƙurin biya ba. Jane Evelyn Atwood ce ta fara samun tallafin a 1980 saboda aikinta a kan yara makafi. Sebastião Salgado ɗan ƙasar Brazil ya samu a 1982, sannan a 2013 aka bai wa Robin Hammond ɗan ƙasar New Zealand domin ya ci gaba da ɗaukar hotunan masu taɓin hankali da ake ɗaurewa da sarƙa a wasu ƙasashen Afirka.