SARKIN KANO KUMBARI, MAI KYAUTA DA KAYAN TALAKAWA

A cikin sarakunan Haɓe waɗanda suka yi mulkin Kano kafin jihadi akwai wani wanda ya kamata masu bi su san labarinsa, watau Muhammadu Kumbari ɗan Sharefa. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 1731, ya yi wajen shekara 13 a kai. Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram labarin nan ba na nesa ba ne a gare mu, gama dawakinsa sun zo har Dutse, nan kusa da mu.

Gidan da ya tashi a ciki gida ne da ya saba da karɓa. A zamanin ubansa Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, aka ce kuɗin wuri suka fara shigowa ƙasar Hausa. Sharefa ya ƙaga hanyoyi iri iri na tara dukiya. Ya sa wa Kasuwar Kurmi kuɗi, har budurwa in za a yi mata aure sai an biya sarki. Abin da Kumbari ya gani ke nan yana yaro, da ya girma kuwa ya ɗora a kai.

Shi mayaƙi ne, babu shakka. Ya daɗe yana fama da Sarkin Gobir Soba, yau Gobirawa su yi nasara, gobe Kanawa. Mai Ali na Borno ya kawo yaƙi, ya sauka a Fagge kwana uku, amma malamai suka shiga tsakani, ya koma ba a yi karo ba. Sa'an nan Kumbari ya kai wa Dutse yaƙi, saura kaɗan ya shiga garin, sai mutanensa suka ba shi shawara ya juya. A zamaninsa ne aka fara kawo garkuwoyi daga Nufe, aka kuma riƙa sayen bindigogi. Doki da bindiga kuwa ba su ƙoshi, kullum sai an ƙara musu.

To, daga ina kuɗin za su fito? Ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓa har ta yi kusan mutuwa. Bai tsaya nan ba, ya sa wa mutanen birni jiziya, har malamai sai da suka biya. Larabawa 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Talakawa da yawa suka gudu daga birni suka bazu cikin ƙauyuka. Mai son cika taskarsa ya kore waɗanda su ke cika ta.

Amma ga abin da ya fi ba mu mamaki. Littafin Tarihin Kano bai kira shi marowaci ba. Ya nuna shi mutum ne mai kyauta, ko da shi ke mai saurin fushi ne, fadawansa suna sonsa, talakawa kuwa sun ƙi shi. Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa. Mun saba tsammani mai haɗama shi ne wanda ya binne kuɗinsa a tukunya yana kwana da yunwa. Ashe haɗama ta iya sa babbar riga, ta zauna a zaure tana rabon doki da alkyabba, maroƙa suna yi mata kirari. Bafaden da ya karɓi riga ya ga alheri. Matar da aka ƙwace mata wurinta a bakin kasuwa ita ta san inda kuɗin rigar suka fito.

Ba haraji mu ke zargi ba. Manzo Bulus ya umurci masu bi na Roma su biya shi, Yohanna Mai Baftisma kuma bai ce wa masu karɓa su bar aikinsu ba, sai dai kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Ba kuwa mu ne za mu faɗi makomar Kumbari ba, wannan shari'a ta Allah ce shi kaɗai. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana a sarari shi ne, kowa zai mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, a can kuwa ba za a kira maroƙa su ba da shaida ba. A cikin Luka sura 16 mai arzikin nan kullum yana cikin shagali, amma sunan da Ubangiji Yesu ya ambata na Li'azaru ne, matsiyacin da ke kwance a ƙofarsa. Da suka mutu duka biyu, aka sami babban rami tsakaninsu wanda ba shi ƙetaruwa.

Mu ba sarakuna ba ne, amma kowane mai gida yana da 'yar sarautarsa. Akwai mai ba da hatsi bashi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, ya karɓi ninki da kaka. Akwai mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Akwai mai riƙe ladan ɗan ƙodago har kasuwa ta zagayo. Ran Lahadi kuwa sai ka ga baikonsa ya fi na kowa, dattawan ekklesiya suna yaba masa, mu fastoci ma bakinmu ya kan yi nauyi a gabansa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, sa'ad da Yesu ya sauka a gidansa, bai tsaya ga ba matalauta rabin dukiyarsa kaɗai ba. Ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, a ranar nan kuwa ceto ya shiga gidansa.

Kumbari ya rasu a shekara ta 1743, ɗansa Alhaji Kabe ya gaje shi, yaƙi da Gobir kuma bai ƙare ba. Bayan shekara sittin da 'yan kai sarautar ta fita daga gidansu ɗungum. Alwali, na ƙarshe cikin sarakunan Haɓe na Kano, aka kashe shi a Burumburum a 1807.