Ibrahim Narambaɗa: makaɗin fada da ya kamata yara su sani

An haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, cikin ƙasar Isa. Da waƙoƙin noma ya fara, kafin ya zama makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa. Bakandamiya ce mafi shahara cikin waƙoƙinsa. Ya rasu wajen 1960, amma an naɗi muryarsa, kuma har yau ana sauraronta.

Hausarsa ta Gobir ba baƙuwa ba ce ga yaran Ƙonni, Malbaza da Illela. Iyaye su riƙa kunna musu waƙa ɗaya bayan abincin dare, su bayyana kalmomi masu wuya, su nuna musu yadda 'yan amshi ke karɓa. Abin da yaro bai ji a gida ba, da wuya ya riƙe shi.